John Dee: Masanin lissafin fadar Ingila da ya ƙare da kiran rauhanai

A gidan adana kayan tarihi na Birtaniya da ke birnin Landan akwai wani baƙin madubi da aka sassaƙa daga dutsen aman wuta. Tare da shi ake ajiye wata ƙaramar ƙwallon ƙarau da faya-fayan kakin zuma masu ɗauke da hatimi. Ana jingina waɗannan kayayyaki ga John Dee, mutumin da a zamanin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ake lissafa shi cikin mafiya ilimi a Ingila. Shi ya zaɓa wa sarauniyar ranar bikin naɗa ta sarauta, shi ya koya wa matuƙan jiragen ruwan ƙasar lissafin hanyar teku, kuma ya tara littattafan da jami'o'in Ingila na lokacin ba su mallaki yawansu ba. Sai dai sunan da ya bi shi har kabari shi ne na mai kiran rauhanai, domin ya kwashe shekaru yana rubuta abin da ya gaskata cewa zance ne tsakaninsa da mala'iku. Wannan al'amari ya ci dukiyarsa da mutuncinsa, ya kuma shiga har cikin aurensa.

Haihuwarsa da neman iliminsa

An haifi John Dee a Landan ranar 13 ga Yuli, 1527. Mahaifinsa, Rowland Dee, ɗan kasuwar yadi ne mai asali da yankin Wales, yana kuma riƙe da wani ƙaramin muƙami a fadar Sarki Henry na Takwas. A 1542, yana ɗan shekara 15, ya shiga Kwalejin St John ta Jami'ar Kambirij. Ya bayyana daga baya cewa a waɗannan shekaru awa 18 yake yi kullum a kan karatu, ya yi barcin awa 4, sauran awa 2 kuma na cin abinci ne da hutawa. Da Sarki Henry ya kafa Kwalejin Trinity a 1546, Dee na cikin malamanta na farko.

A wannan kwalejin ne zargin tsafi ya fara raɓarsa. An shirya wani wasan kwaikwayo na marubucin Girka Aristophanes, sai Dee ya ƙera ƙaton buzuzu wanda ya tashi sama ɗauke da mutum a gaban 'yan kallo. Aikin dabarar ƙira ce, amma jama'a suka watse suna raɗe-raɗin cewa da hannun ɓoye a ciki.

Daga 1548 zuwa 1550 ya zauna a Louvain, cikin ƙasar Beljiyam ta yanzu, inda ya ƙulla abota da mashahuran masu zana taswira, Gemma Frisius da Gerardus Mercator. A 1550 ya gabatar da darussa a birnin Faris a kan littafin Yuklid, wanda Larabawa ke kira Uƙlidis. Bisa abin da ya rubuta da kansa, zauren ya cika har ɗalibai suna saurare ta tagogi. An yi masa tayin kujerar koyar da lissafi a can, ya ƙi karɓa ya koma gida.

A Turai ta wancan ƙarni, iyakar da ke tsakanin lissafi da duba siririya ce ƙwarai. Likita kan dubi matsayin taurari kafin ya ba da magani, sarakuna kuma na ajiye masu duban taurari a fada. Talaka kuwa idan ya ga mutum yana zana da'irori da lambobi, sai ya ɗauka boka ne. Dee ya girma a kan wannan iyaka, kuma a ganinsa lissafi shi ne mabuɗin fahimtar yadda Mahalicci ya tsara sama da ƙasa.

Daga kurkuku zuwa fada

A 1555, zamanin mulkin Sarauniya Mary, aka kama shi bisa laifin yin duban taurarin sarauniyar da na ƙanwarta, Gimbiya Elizabeth. Duba tauraron mai mulki babban lamari ne, domin ana fassara shi da neman sanin ranar mutuwarsa. Aka tuhume shi da lissafi da kiran iskoki da maita, aka ƙara da cin amanar ƙasa. Kotu ta wanke shi, sannan aka miƙa shi ga Bishop Edmund Bonner na Landan don ya binciki aƙidarsa, nan ma ya kuɓuta. A Janairun 1556 ya rubuta wa Sarauniya Mary shawarar a kafa ɗakin karatu na ƙasa domin ceto tsofaffin rubuce-rubucen da suka warwatse bayan rushe gidajen ibadar rahibai. Ba a saurare shi ba, sai ya shiga tara su da kuɗin aljihunsa.

Da Elizabeth ta hau mulki a Nuwamban 1558, tauraron Dee ya haska. Shi aka nema ya duba ranar da ta dace da bikin naɗi, ya zaɓi 15 ga Janairu, 1559. Shekaru 20 da suka biyo baya su ne mafi albarka a rayuwarsa. A 1558 ya riga ya wallafa wani littafi a kan yadda hasken taurari ke tasiri a doron ƙasa, wanda a ciki ake ganin sawun tunanin masanin Bagadaza al-Kindi. A 1564 ya fitar da Monas Hieroglyphica a birnin Antwerp, inda ya haɗa alamomin rana da wata da sauran taurari cikin tambari guda, yana ganin sirrin halitta na ƙunshe a ciki. A 1570 ya rubuta gabatarwar fassarar Yuklid ta farko zuwa Ingilishi, yana nuna wa magina da matuƙan jirgi da 'yan kasuwa amfanin lissafi a sana'o'insu. Ya horar da matafiya irin su Martin Frobisher, wanda ya tashi neman hanyar arewa zuwa Sin a 1576. Littafinsa na 1577 a kan tuƙin jirgin ruwa yana cikin rubuce-rubucen farko da suka yi maganar kafa daular Birtaniya a ƙetaren teku.

Gidansa na Mortlake, a bakin Kogin Thames, ya zama matattarar masana. Bisa ƙididdigarsa, littattafan da ke ciki sun kai kusan 4,000, na ɗab'i da na rubutun hannu. Sarauniya da kanta ta je ƙofar gidan fiye da sau ɗaya. A 1578 ya auri Jane Fromond, wadda ya girme wa da kusan shekara 28, kuma a 1579 ta haifa masa ɗansu na fari, Arthur.

Abin da ya karkatar da shi

Duk da wannan ɗaukaka, Dee bai samu muƙami mai tsayayyen albashi ba. Fada na yi masa alkawari, alkawarin ya bi ruwa. Da Fafaroma Gregory na 13 ya gyara kalanda a 1582, an nemi ra'ayin Dee, ya yi lissafi ya ce kwana 11 ya kamata a cire maimakon 10 da Roma ta cire. Manyan limaman cocin Ingila suka ƙi duk wani gyara da ya fito daga wajen Fafaroma, ƙasar ta zauna kan tsohuwar kalanda har 1752.

Akwai kuma abin da ya fi talauci ci masa rai. Sabon tauraron da ya bayyana a 1572 da tauraro mai wutsiya na 1577 sun sa shi da masana da dama tunanin cewa ƙarshen duniya ya kusato. Ya yi imani cewa ilimin da Adamu ya sani a Aljanna ya ɓace, harshen da ya yi magana da shi ma ya salwanta, kuma littattafan mutane guntattaki kawai suka riƙe. Tun a 1563 ya samu kwafin Steganographia na Johannes Trithemius a Antwerp, littafin da a zahirinsa yake bayanin aika saƙo ta hannun rauhanai, a baɗininsa kuma dabarun rubutun sirri ne. Dee ya yanke shawarar cewa tun da littafi ya gaza, sai ya nemi ilimin daga bakin mala'iku kai tsaye.

Hanya ce mai haɗari. Dokar Ingila ta 1563 ta tanadi hukuncin kisa ga duk wanda ya kira mugayen iskoki. Saboda haka Dee ya tsaya kai da fata har ƙarshen ransa cewa shi addu'a yake yi, kuma mala'ikun alheri kaɗai yake nema.

Zuwan Edward Kelley

Dee ba ya ganin komai a cikin ƙarau da idonsa, don haka yana bukatar mai gani. Zama na farko da ya rubuta an yi shi ne ranar 22 ga Disamba, 1581, tare da wani Barnabas Saul, wanda bai daɗe ba ya janye. A Maris na 1582 wani saurayi ɗan shekara 26 ya ƙwanƙwasa ƙofar Mortlake, ya ce sunansa Edward Talbot. Daga baya ta bayyana cewa sunansa Edward Kelley, mutumin Worcester, wanda ake raɗe-raɗin an taɓa hukunta shi kan jabun takardu. Ranar 10 ga watan ya durƙusa gaban dutsen, ba da jimawa ba ya ce yana ganin mala'ika Uriyel.

Tsarin zaman bai cika sauyawa ba. Sukan yi azumi da tsarki, su keɓe a ɗaki, Dee ya buɗe da doguwar addu'a. Kelley ya ƙura wa dutsen ido yana faɗin abin da yake gani da wanda yake ji, Dee kuma yana yin tambaya yana rubutawa, har da rana da sa'a. Muryoyin da suka kira kansu Mika'ilu da Jibrilu da Rafa'ilu da Uriyel sun ba da umarnin a ƙera tebur na musamman, a ɗora hatimin kakin zuma mai faɗin inci 9 a tsakiyarsa, a sa ƙananan hatimai 4 a ƙarƙashin ƙafafunsa, a lulluɓe da alharini. An kuma siffanta musu wani zobe da aka ce irinsa aka bai wa Annabi Sulaimanu. Baƙin madubin da ake jingina wa Dee kuwa, binciken da aka wallafa a 2021 ya tabbatar da cewa dutsensa daga yankin Pachuca na ƙasar Meziko ya fito, aikin mutanen Aztec ne da ya shigo Turai bayan mamayar Sifaniyawa.

Babban abin da zaman ya haifar shi ne wani harshe mai haruffa 21, wanda Dee ya ɗauka shi ne harshen Adamu. An cika shafuka da jadawalai masu gida 49 a tsaye da 49 a kwance. A 1584 aka shifta musu kiraye-kiraye 48 na buɗe ƙofofin sammai, wasu harafi bayan harafi kuma daga ƙarshe zuwa farko, wai don kada ƙarfinsu ya tashi tun ba a shirya ba. Mutanen baya suka raɗa wa harshen sunan Anuhu, wanda malaman tarihin Musulunci da dama ke cewa shi ne Annabi Idrisu, saboda muryoyin sun ce shi ne na ƙarshe da ya san shi. Masanin harsuna Donald Laycock, wanda ya wallafa ƙamusun harshen a 1978, ya nuna cewa ginin jimlolinsa na bin na Ingilishi sau da ƙafa, wato harshen uwa na Kelley.

Wani abin lura a littafin Dee shi ne, Kelley ne ke yawan cewa waɗannan halittu shaiɗanu ne masu yaudara, yana barazanar tafiya. Dee ne ke rarrashinsa, har ya yanka masa albashin fam 50 a shekara don ya zauna.

Shekaru shida a ƙetare

A 1583 wani basaraken ƙasar Folan, Albert Laski, ya ziyarci Ingila. Bashi ya yi masa katutu, yana kuma kwaɗayin sarautar ƙasarsa. Muryoyin suka yi masa albishir da mulki, shi kuma ya gayyaci mutanen biyu. Ranar 21 ga Satumba, 1583, Dee da Kelley suka bar Mortlake da matansu da 'ya'yan Dee. Sun isa Krakow a 1584, suka tarar aljihun Laski wayam.

Daga nan muryoyin suka tura Dee birnin Prague, fadar Sarkin Daular Roma Mai Tsarki, Rudolf na Biyu, mai sha'awar alkimiyya da ilimin taurari. Ranar 3 ga Satumba, 1584, Dee ya tsaya gabansa ya shaida masa cewa ya shafe shekara 40 yana neman hikima bai same ta wurin mutum ko littafi ba, sannan ya isar da saƙon cewa sarkin ya tuba ko a tumɓuke shi. Rudolf ya saurara cikin haƙuri, bai sake ba shi damar ganawa ba. A 1585 sun gabatar da zama a gaban Sarkin Folan, Stephen Bathory, shi ma bai gamsu ba. Wakilan Fafaroma suka sa musu ido, kuma a Mayun 1586 aka kore su daga ƙasashen Rudolf. Wani attajirin basarake, Vilem Rozmberk, ya ba su mafaka a garin Trebon na ƙasar Bohemiya. A wannan shekarar fadar Rasha ta yi wa Dee tayin fam 2,000 a shekara, ya ƙi.

A Trebon hankalin Kelley ya koma kan alkimiyya, wato neman mayar da ƙarfe zinariya, sana'ar da ta fi kawo masa kuɗi da daraja. Ya ce ya gaji da gani. Dee ya gwada ɗansa Arthur, yaro ɗan shekara 7, abin bai yi ba. A Afrilun 1587 Kelley ya dawo kan dutsen ya ce wata rauhaniya mai suna Madimi, wadda tun 1583 take bayyana a siffar ƙaramar yarinya, ta ba da umarnin su yi tarayya a komai, har da matansu. Dee ya firgita, ya nemi a fassara umarnin da ƙaunar zuci kawai, aka ce masa a zahiri ake nufi. Ya rubuta cewa da ya gaya wa Jane, ta yi ta kuka jikinta na rawa har tsawon rubu'in sa'a. Ranar 3 ga Mayu su huɗun suka sa hannu a yarjejeniya, aka kuma aiwatar da ita a cikin watan. A Fabrairun 1588 Jane ta haifi ɗa namiji, Theodore, wanda Dee ya raina a matsayin ɗansa. Bayan wannan lamari zaman ya mutu. Mutumin da ya ƙi yarda da lissafin Fafaroma sai da ya auna da kansa, ya miƙa iyalinsa bisa maganar da ba shi da hanyar tantance ta sai bakin mutum ɗaya.

Sun rabu a farkon 1589, ba su sake haɗuwa ba. Rudolf ya ba Kelley sarauta da dukiya, amma da zinariyar ta ƙi fitowa sai ya sa aka tsare shi a 1591. Ya mutu a tsare a garin Most wajajen ƙarshen 1597.

Komawa gida da ƙarshen rayuwa

Dee ya sauka Ingila a Disamban 1589, ya tarar an yi wa ɗakin karatunsa wasoso, an kwashe littattafai da kayan aune-aune. Cikin waɗanda suka ɗiba har da tsofaffin ɗalibansa da abokan hulɗarsa. A 1592 ya zayyana wa wakilan sarauniya hidimomin da ya yi wa ƙasa da asarar da ya tafka. Sai a 1595 aka ba shi shugabancin kwalejin cocin Mancesta, inda ya tarar da basussuka da malaman da ba sa ƙaunarsa. A can aka zo masa da batun wasu yara na gidan Nicholas Starkie da aka ce iskoki sun shige su. Ya ƙi yin ruƙiyya, ya ce a nemi masu wa'azi na ƙwarai a yi azumi da addu'a.

Sarauniya Elizabeth ta rasu a 1603. Magajinta, Sarki James na Ɗaya, ya taɓa rubuta littafi a kan shaiɗanu da mayu, kuma a 1604 aka ƙara tsaurara dokar maita. A Yunin shekarar Dee ya kai kuka ga sarki yana roƙon a gurfanar da shi a kotu domin a wanke shi daga sunan mai kiran iskoki, ya ce ya yarda a kashe shi idan an same shi da laifi. Ba a amsa masa ba. A 1605 annoba ta kashe Jane a Mancesta. Ya koma Mortlake yana sayar da littattafansa don ya ci abinci, 'yarsa Katherine na jinyarsa. Duk da haka a 1607 ya sake zama da wani mai gani, Bartholomew Hickman, muryar da ta kira kanta Rafa'ilu tana yi masa alkawarin lafiya da wata sabuwar tafiya. Ya rasu tsakanin ƙarshen 1608 da Maris na 1609, yana da shekara 81. Ɗansa Arthur ya zama likita, ya yi aiki a fadar sarkin Rasha, daga baya kuma a ta Sarki Charles na Ɗaya.

Abin da ya bari

A 1659 malami Meric Casaubon ya buga wani babban kaso na rubutun zaman. Ya yarda Dee mai gaskiya ne, amma ya ce mugayen iskoki ne suka yi wasa da hankalinsa. Wannan littafi ya binne sunansa na masanin lissafi har kusan shekara 300. Wasu takardun an gano su a 1662 cikin ɓoyayyen aljihun wani akwati, kuma kafin a san darajarsu wata mai aikin gida ta riga ta yi shimfiɗar gashi da kusan rabinsu. Ragowar ta isa hannun Elias Ashmole a 1672. Masanin kimiyya Robert Hooke kuma ya yi hasashen cewa zancen mala'ikun rubutun sirri ne na leƙen asiri.

Ƙungiyar asiri ta Golden Dawn, wadda aka kafa a Landan a 1888, ta ɗauki harshen da jadawalan ta mayar da su ginshiƙin tsafinta. A 1909 Aleister Crowley ya karanta kiraye-kirayen a hamadar Aljeriya. Ta haka addu'o'in mutumin da ya roƙi sarki ya wanke shi daga sunan boka suka zama littafin koyon bokanci a Turai da Amurka.

A ƙarni na 20 masana tarihi, cikinsu har da Frances Yates, suka koma kan rubuce-rubucensa suka dawo masa da matsayinsa a tarihin lissafi da tuƙin jirgin ruwa. Sun nuna cewa a wurin Dee auna taurari da tambayar mala'iku aiki ɗaya ne, bambancin kawai shi ne na farkon wani na iya sake aunawa ya gano kuskure, na biyun kuwa ya rataya ne a kan amanar mai gani. Kwalejin Likitoci ta Masarauta da ke Landan na riƙe da littattafai sama da 100 daga cikin waɗanda aka sace a Mortlake, ta kuma baje kolinsu a 2016. A shafin farko na wasunsu ana iya ganin inda wani Nicholas Saunder ya yi ƙoƙarin goge sa hannun Dee ya rubuta nasa a kai, amma bayanan da Dee ya cika gefen shafukan da su suna nan daram.